Ƙarancin Ƙyanƙyasa a Injin Gida: Yadda Ake Gano Bakin Zaren Matsalar

Idan mai kiwo ya zuba ƙwai 40 a injin ƙyanƙyasa, ya shafe makonni uku yana lura da shi dare da rana, sannan ya tashi da 'yan tsaki 22 kacal, abin da yakan fara yi shi ne ya ɗora wa injin laifi, ya kwashe ƙwayayen da suka rage ya zubar, ya sake zuba wasu yana fatan a dace. A ganina wannan zubarwar ita ce babbar asara, domin amsar tambayar da ke damunsa tana cikin ƙwayaye 18 ɗin da ya watsar. Duk ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba yana ɗauke da shaidar lokacin da rai ya tsaya a cikinsa, ko kuma shaidar cewa tun farko babu ran, kuma sanin wannan lokaci shi ne yake nuna ko matsalar daga zakara take, ko daga ajiyar ƙwan, ko daga zafi da danshin injin, ko daga hannun mai kula da shi.

Kafin a kai ga fasa ƙwai, akwai lissafin da ya kamata a gyara. Masu ƙyanƙyasa suna auna nasara ta hanya biyu: yawan 'yan tsakin da aka samu daga dukan ƙwan da aka zuba, da yawan waɗanda aka samu daga ƙwan da ke da zakara kaɗai. A misalin da ya gabata, 22 cikin 40 kashi 55 ne cikin 100, wanda duk mai kiwo zai kira rashin nasara. Amma idan bincike ya nuna cewa 12 daga cikin 40 ɗin ba su da zakara tun asali, to masu rai 28 ne, kuma 22 cikin 28 ya kusa kashi 79 cikin 100, wanda sakamako ne mai kyau ga ƙaramin injin gida. A irin wannan hali injin ya yi aikinsa, kuma duk gyaran da aka yi masa ɓata lokaci ne, domin a akurki matsalar take. Haka kuma a tabbatar an ƙirga kwanakin daidai. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21, kuma ranar da aka zuba shi ba ta shiga lissafi a matsayin cikakken kwana, shi ya sa ƙwan da aka zuba ranar Litinin sai Litinin ta uku mai zuwa ake sa ran fitowarsa. Bai kamata a yanke ƙauna a kashe injin ba sai an kai kwana 23.

Bayan an kai wannan rana, sai a fitar da ƙwayayen da suka rage zuwa waje mai iska, a sa safar hannu, a haska kowanne da tocila mai ƙarfi a wuri mai duhu domin a tabbatar babu motsi, sannan a fasa shi ta ɓangaren da ya fi faɗi, inda gurbin iska yake. Wanda yake wari ko yake tsattsafo da ruwa, wato baragurbi, ba sai an buɗe shi ba, a ƙirga shi kawai a binne. Sauran kuwa a raba su gida huɗu gwargwadon abin da aka gani: wanda babu alamar komai a ciki, wanda ke da zoben jini ko ɗan ƙaramin tayi, wanda tayinsa ya fara gashi amma bai cika ƙwan ba, da wanda ɗan tsako ya cika a ciki ya mutu, ko ya huda ɓawo ko bai huda ba. A rubuta adadin kowane gida. Sanannen abu ne ga masu wannan sana'a cewa mutuwar tayi ta fi yawa a wurare biyu, wato kwanakin farko na makon farko da kuma kwana uku na ƙarshe, yayin da tsakiyar lokacin ba a cika samun asara ba. Saboda haka 'yan ƙwayaye kaɗan a gidaje biyun farko da na ƙarshe ba abin tayar da hankali ba ne. Abin dubawa shi ne gidan da ya rinjayi sauran.

Gidan da ya fi ruɗar mutane shi ne na ƙwan da ya fito fes a haske, babu jijiya babu komai. Yawanci akan ce ba shi da zakara, kuma sau da yawa haka ɗin ne, sai dai tayin da ya mutu a kwana ɗaya ko biyu na farko, kafin jini ya bayyana, shi ma haka yake fitowa a tocila. Bayan makonni uku cikin zafi gwaiduwar ta riga ta narke, da wuya a bambance su. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki sabon ƙwai, kamar guda goma daga kajin da ake tara ƙwansu, a fasa a faranti, a nemi ɗan farin ɗigon da ke saman gwaiduwa. Idan ƙwan ba shi da zakara, ɗigon ƙarami ne, fari ƙal, gefensa ba a daidaice ba. Idan kuwa yana da zakara, ɗigon ya fi faɗi, ya kai milimita uku zuwa huɗu, kuma yana da siffar zobe mai kewaye sosai da ɗan haske a tsakiya. Idan tara cikin goma suka nuna zobe, zakaran ya kuɓuta daga zargi, sai a juya ga yadda ake ajiye ƙwan. Idan rabinsu ne kawai, to a koma akurki.

A akurki, abu na farko shi ne yawan kaji a kan zakara guda. Abin da aka saba shi ne zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma sha biyu, kuma nau'in kaji masu nauyin jiki suna bukatar adadin ya yi ƙasa da haka. Yawan zakaru fiye da kima shi ma yana rage barbara, domin faɗa da korar juna ke cinye musu lokaci. Zakaran da ya tsufa, ko ya yi ƙiba, ko yake da ciwon ƙafa, yana iya bin kaji ba tare da wani sakamako ba, haka nan tsananin zafin yanayi yana raunana maniyyinsa. Wani abin da ake mantawa shi ne kaza tana iya riƙe maniyyin zakara a jikinta har kimanin makonni biyu zuwa uku, amma ƙarfinsa yana raguwa bayan makon farko, don haka ƙwan da aka tara kwanaki da yawa bayan an cire zakara, ko kuma a rana ta farko da aka sa sabon zakara, ba abin dogaro ba ne. Yawan haɗa jini ɗaya, wato uba da 'ya'yansa ko 'yan uwa tsara bayan tsara, yana rage ƙyanƙyasa sannu a hankali ta yadda mai kiwo ba ya lura sai abin ya yi nisa.

Ajiyar ƙwai kafin a zuba shi a inji ita ce, a ra'ayina, wurin da masu ƙyanƙyasa a gida suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Ƙwan da ke da zakara yana da rai tun daga lokacin da kaza ta saka shi, kawai dai girman tayin ya dakata ne saboda sanyi. Idan aka ajiye shi a wurin da zafinsa ya wuce digiri 21 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, tayin yakan fara girma a raunane, ya tsaya, ya sake farawa, har ƙarfinsa ya ƙare kafin ma ya shiga injin. Idan kuma aka sa shi a firji, sanyin ya yi masa yawa. Abin da ya dace shi ne wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 16, mai ɗan danshi kamar kashi 75 cikin 100, a jera ƙwan tsininsa yana kallon ƙasa. Ƙwan da bai wuce kwana 7 ba shi ne ya fi ƙyanƙyashewa. Daga nan nasarar takan riƙa raguwa kullum, kuma bayan kwana 14 raguwar takan yi tsanani. Mai kaji kaɗan da yake jiran ya tara abin da zai cika injin yakan faɗa wannan tarko: kafin ƙwan ƙarshe ya zo, na farko ya tsufa. Gara a zuba inji rabi da sabon ƙwai da a cika shi da tsoho. A riƙa rubuta ranar da aka ɗauki kowane ƙwai da fensir a jikin ɓawon, domin idan an zo fasawa za a ga ko tsofaffin ne suka fi mutuwa. Ƙwan da aka yi doguwar tafiya da shi kuwa, girgizar hanya tana iya kwance gurbin iskarsa, sai a bar shi ya huta na awa 12 zuwa 24 tsininsa a ƙasa kafin a zuba, kuma kada a sa masa ran da za a sa wa ƙwan gida.

Zoben jini, wato jan layin da ke kewaye cikin ƙwai idan an haska, alama ce ta tayin da ya fara jijiyoyi sannan ya mutu a kwanakin farko. Zuciyar tayin kaza tana fara bugawa tun a kwana na biyu, kuma a wannan mataki ƙaramin abu yana kashe shi. Idan wannan gidan ne ya rinjaya, bayan tsufan ƙwai sai a tuhumi hauhawar zafi a farkon zubi, da girgiza ƙwan da ƙarfi, da ƙazanta. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da iska ke bi, kuma kaza tana shafe shi da wani siririn rufi lokacin saka shi, wanda ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Wanke ƙwai yana cire wannan rufi, kuma idan ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke cikin ƙwan yakan tsuke ya zuƙo ruwan da dattinsa ciki. Mafi alheri shi ne a tsabtace wurin da kaji ke saka ƙwai, a riƙa kwashewa sau da yawa a yini, a kuma ware mai kashi sosai da mai tsaga da mai siririn ɓawo da wanda siffarsa ta karkace, kada su shiga inji ko kaɗan. Baragurbi guda idan ya fashe a cikin injin yana iya watsa cuta ga duk sauran, shi ya sa haskawa a kwana na 7 zuwa 10, da kuma na 18, take da muhimmanci: tana ba da damar cire matattu kafin su ruɓe.

Mutuwa a tsakiyar lokaci, tsakanin kwana na 8 da na 17, ba ta da yawa idan komai yana tafiya daidai, don haka idan ta yi yawa akwai dalili takamaimai. Ko dai injin ya yi wani mummunan hawa ko saukar zafi a ranakun, ko cuta ta shiga, ko kuma abincin iyayen ya gaza. Duk abin da ɗan tsako zai gina jikinsa da shi na makonni uku, uwar ce ta zuba shi a cikin ƙwan, kuma abincin da ya isa kaza ta riƙa yin ƙwai ba lallai ya isa ƙwan ya raya ɗa ba. Ƙarancin bitamin A da D da E da dangin bitamin B, da ma'adanai irin su manganis da kalsiyam, duk suna bayyana a nan. Ƙarancin bitamin B2, alal misali, yana sa gashin tayi ya dunƙule ya kuma nannaɗe yatsun 'yan tsakin da suka fito. Cututtukan da uwa ke zubawa cikin ƙwai, kamar wasu nau'o'in Salmonela da Maikoplasma, da cututtukan numfashi da ke lalata ɓawo, aikin likitan dabbobi ne, babu saitin injin da zai magance su.

Yanzu sai batun zafi, wanda shi ne ginshiƙin komai. Injin da ke da fanka yana bukatar digiri 37.5 zuwa 37.8. Injin da ba shi da fanka kuwa iskarsa hawa-hawa take, sama ta fi ƙasa zafi, don haka ana saita shi a kan digiri 38.3 zuwa 38.9, kuma a auna a daidai saman ƙwan. Wanda ya ɗauki adadin injin fanka ya sa wa marar fanka zai yi ta samun ƙyanƙyasa a makare, wanda ya yi akasin haka kuma zai ƙona ƙwansa. Bambancin rabin digiri, da ido ba zai ɗauke shi komai ba, idan ya ɗore makonni uku yana iya raba mai kiwo da kaso mai yawa na 'yan tsakinsa. Abin da nake so a riƙe da kyau shi ne lambar da ke fitowa a allon injin ba hujja ba ce. Tana nuna abin da na'urar awon injin ta ji ne a wurin da aka liƙa ta, kuma irin waɗannan na'urori, musamman a ƙananan injina, sukan kauce da digiri guda ko fiye. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A samo ma'aunin zafin jiki na asibiti, wanda aka ƙera shi domin ya yi daidai a wannan zangon na digiri 35 zuwa 42, a ajiye shi a daidai tsayin ƙwai, a kwatanta. A kuma auna tsakiya da kowace kusurwa, domin injina da yawa suna da gefe mai sanyi. Idan aka lura cewa kullum ƙwayayen gefe ɗaya ne ba sa fitowa, an gano shi, kuma sauya wa ƙwayayen wuri lokaci-lokaci yana rage illar.

Lokacin da 'yan tsaki suka fito shi kansa ma'auni ne mai amfani. Idan suka fara fitowa a kwana na 19 ko farkon na 20, ƙanana, cibiyarsu da jini, wasu da karkatattun yatsu ko ƙafafu a wawware, zafin ya yi yawa. Idan sai kwana na 22 ko na 23 suka fito, da kumburarren ciki da taushin jiki, zafin ya yi kaɗan. Idan kuma fitowar ta ja tsawon kwana biyu ko uku, wasu da wuri wasu a makare, to ko zafin bai daidaita a ko'ina cikin injin ba, ko an haɗa sabon ƙwai da tsoho, domin tsohon ƙwai yakan ɗan makara. Daga wajen kwana na 10 zuwa sama tayin da kansa yana fitar da zafi, kuma a makon ƙarshe zafin yana da yawa, saboda haka injin da ya cika maƙil yana iya wuce saitinsa a ƙarshe ko da ya yi daidai a farko. Wurin da aka ajiye injin ma yana da tasiri: kusa da taga inda rana ke bugunsa, ko ɗakin da ke zafi da rana ya yi sanyi da dare, yana wahalar da ƙaramin inji fiye da ƙarfinsa.

Danshi shi ne abin da aka fi yin gardama a kansa, kuma ina ganin gardamar ta samo asali ne daga kallon lamba maimakon kallon ƙwan. Abin da aka saba faɗa shi ne kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, sannan kashi 65 zuwa 70 a kwana uku na ƙarshe. Wannan mafari ne mai kyau, amma ainihin abin da ake nema shi ne ƙwan ya rasa kimanin kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar tururin ruwa kafin kwana na 18, domin gurbin iskarsa ya yi girman da ɗan tsako zai sa baki a ciki ya fara numfashi. Ƙwai mai kaurin ɓawo yana rasa ruwa a hankali, mai siririn ɓawo yana rasawa da sauri, kuma iskar ɗakin da injin ke zuƙa tana sauyawa daga damina zuwa rani, don haka lamba guda ba za ta dace da kowa ba. Sikeli shi ne ke raba gardamar. Ƙwan da ya auna giram 60 ranar zubi ya kamata ya sauko kusan giram 56 da rabi a kwana na 9, ya kuma kai wajen giram 53 a kwana na 18. Ya fi sauƙi a auna guda goma tare a riƙa bin jimillarsu. Idan nauyin ba ya sauka yadda ya kamata a rage ruwa, idan yana sauka da gaggawa a ƙara. Wanda ba shi da sikeli zai iya zana iyakar gurbin iska da fensir duk lokacin da ya haska, ya ga yadda yake faɗaɗa. A kwana na 18 ya kamata ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan.

Idan danshi ya yi yawa tun farko, za a tarar da cikakken ɗan tsako matacce, jiƙe sharkaf, gurbin iska ƙarami, da sauran ruwa a cikin ƙwan, wanda ya shaƙe shi lokacin da ya nemi numfashi. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato, domin mai kiwo yakan ga kamar ƙara ruwa taimako ne. Idan danshi ya yi kaɗan, gurbin iska zai yi girma ƙwarai, ɗan tsakon ya zama ƙarami busasshe, tantani ya manne masa. Yana da amfani a san cewa faɗin saman ruwa ne ke ƙara danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai sai daɗewa, don haka idan ana son danshin ya hau sai a cika wani mazubin ko a sa jiƙaƙƙen soso. Shi ma ma'aunin danshi yana bukatar gwaji: a jiƙa gishiri da ɗan ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko mazubin da iska ba ta shiga na tsawon dare guda. Ya kamata ya nuna kashi 75, kuma duk abin da ya kauce da shi a riƙa cirewa ko ƙarawa a lissafi.

Juya ƙwai yana hana tayi mannewa da tantani, yana kuma taimaka wa jijiyoyin da ke shimfiɗuwa a ƙarƙashin ɓawo su bazu yadda ya kamata. Makon farko ne ya fi muhimmanci, sai dai illar rashin juyawa a lokacin sau da yawa ba ta bayyana sai a ƙarshe, inda za a tarar da ɗan tsako ƙarami da ragowar farin ƙwai mai danƙo a tsinin ƙwan. Mai juyawa da hannu ya yi aƙalla sau uku a yini, biyar ya fi, kuma adadin ya zama mara, wato wanda ba ya rabuwa biyu daidai, domin kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Alama daban-daban a gefe biyu na ɓawon tana hana mantuwa. Mai injin da ke juyawa da kansa kada ya saki jiki, ya riƙa dubawa a lokuta daban-daban ko tiren ya sauya karkata, domin motar juyawa tana iya tsayawa kwanaki ba a sani ba. Ana daina juyawa a kwana na 18.

Wurin da ya fi ciwo shi ne a fasa ƙwai a tarar da ɗan tsako cikakke, da gashinsa da komai, ya mutu saura ƙiris. A nan a duba yadda ya kwanta. Kwanciyar da ta dace ita ce kansa yana ɓangaren faɗi, a ƙarƙashin fiffiken dama, bakinsa yana fuskantar gurbin iska. Idan kan yana tsinin ƙwan, mai yiwuwa an jera ƙwan a kife ne, tsini a sama. Idan kwanciyar daidai ce, danshi ma daidai, amma da yawa sun mutu bayan sun huda tantanin ciki, to a tuhumi iska. A kwanakin ƙarshe ɗan tsako yana komawa numfashi da huhu, bukatarsa ta iska tana ninkuwa, kuma daidai wannan lokacin ne mutane ke toshe ƙofofin iskar injin domin danshi ya hau. Wannan kuskure ne mai kisa. Ƙofofin su kasance a buɗe, a nemi danshin ta hanyar ƙara faɗin ruwa.

Daga kwana na 18 zuwa ƙarshen ƙyanƙyasa, haƙuri shi ne aikin mai kiwo. Ɗan tsako yakan shiga gurbin iska a wajen kwana na 19 zuwa 20, ya huda ɓawo, sannan ya yi shiru na awa 12 zuwa 24 kafin ya kewaya ɓawon ya fito. Wannan shirun ba gajiya kaɗai ba ce: a lokacin ne yake ƙarasa janye gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin tantani kuma suna rufewa. Wanda ya ga hudar ya ɗauka ɗan tsakon ya maƙale, ya ɓare masa ɓawo, sau da yawa jini yake tsinkawa ko ya fito da shi gwaiduwa a waje. Buɗe injin akai-akai kuma yana fitar da danshi cikin ɗan lokaci, tantanin waɗanda suka riga suka huda ya bushe ya ɗaure su. Waɗanda suka fito ba sa bukatar a yi gaggawar cire su, domin gwaiduwar da suka janye tana riƙe su har kwana biyu ko fiye ba ci ba sha. Idan taimako ya zama dole, sai bayan awa 24 da hudawa ba tare da wani ci gaba ba, a ɓare kaɗan-kaɗan, a jiƙa tantanin da ruwan ɗumi, kuma da zarar an ga jini a dakata a mayar da shi.

Ɗaukewar wutar lantarki tana tayar da hankali, amma tayi ya fi jure sanyi a kan zafi. Sanyin 'yan awanni yawanci jinkirta ƙyanƙyasa kawai yake yi, alhali zafin da ya haura digiri 40 da rabi na 'yan awanni yana iya hallaka zubin gaba ɗaya. Idan wuta ta ɗauke, a bar injin a rufe, a lulluɓe shi da bargo ba tare da toshe ƙofofin iska ba, a kuma cire bargon da zarar wutar ta dawo. Haɗarin da ya fi girma shi ne ƙoƙarin ɗumama ƙwan da wuta ko ruwan zafi ba tare da ma'auni ba. A rubuta rana da tsawon kowace ɗaukewa, domin idan aka fasa ƙwai aka ga tayi da yawa sun tsaya a girma ɗaya, za a iya kwatanta shi da ranar.

Idan duk da wannan bincike an kasa rarrabe ko laifin ƙwan ne ko na injin, akwai gwaji mai sauƙi. A raba ƙwan da aka tara a kwanaki ɗaya gida biyu, a sa rabi a inji, rabi a ƙarƙashin kazar da ke kwanci. Idan kazar ta ƙyanƙyashe nata da kyau injin ya gaza, an san inda za a nufa. Idan dukansu suka gaza, a koma ga iyaye da ajiya. Wanda ba shi da kaza mai kwanci zai iya zuba ƙwai daga garke biyu daban-daban a inji ɗaya, kowanne da alamarsa. Kafin sabon zubi a wanke injin tas, a cire ɓawo da gashi da ƙurar da ta taru a fanka, a shafe shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe, sannan a kunna shi babu ƙwai na kwana ɗaya ko biyu ana auna zafinsa. A sabon zubin kuma a sauya abu guda kawai, wanda fasa ƙwayayen ya fi nunawa, domin wanda ya rage zafi, ya ƙara ruwa, ya kuma sauya zakara a lokaci ɗaya, ko sakamakon ya gyaru ko ya ƙara lalacewa, ba zai san wanne daga cikin ukun ne ya jawo ba.